Mujallun Kimiyya: An Buɗe Ƙofa Ga Mai Karatu, An Rufe Ga Mai Rubutu

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da ke biyan kuɗin makarantar yaransu a jami'o'i, ya kamata su san wata rigima da ake yi a kan mujallun kimiyya, domin kuwa ta shafi ilmin da yaran nan ke samu.

Ga yadda abin yake tun da. Malami ya yi bincike da kuɗin gwamnati, ya miƙa wa mujalla kyauta, wasu malamai su duba aikin kyauta, sa'an nan kamfanin ɗab'i ya sayar wa jami'a da mujallar da tsada. Shi ya sa ribar kamfanin Elsevier ta daɗe tana haura kashi 30 cikin ɗari. Ɗakin karatun jami'ar da ba ta da kuɗin ƙasashen waje kuwa, sai dai ya yi haƙuri da tsofaffin kofe.

A 2002 wasu masana suka fitar da sanarwar Budapest, suka ce a sa sakamakon bincike a intanet kowa ya karanta kyauta. A 2018 kuma hukumomin ba da kuɗin bincike na Turai suka ɓullo da shirin Plan S don tilasta hakan.

To, amma fa kamfanonin ba su yi asara ba. Sai suka juya kuɗin kan marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala guda, wanda a canjin ƙarshen 2024 ya haura Naira miliyan 14, wato fiye da albashin farfesanmu na shekara. Ko Turawan ma abin ya ishe su, don a 2023 editocin mujallar NeuroImage fiye da 40 suka ajiye aiki gaba ɗaya saboda tsadar kuɗin. Ana yi wa ƙasashe matalauta rangwame, gaskiya ne, amma ragowar ma nauyi ne ga malamin Samaru mai binciken wake da dawa. Ga shi kuma ba a yi masa ƙarin girma sai ya buga.

Nan ne 'yan damfara suka sami kasuwa. Mujallun bogi su karɓi kuɗi su buga kome cikin 'yan kwanaki ba tare da an duba ba, ɗalibi kuma ya ɗauka ilmi ne.

A ganina, maimakon hukumar TETFund da jami'o'i su yi ta neman Dala don biyan mujallun waje, gara su ƙarfafa na gida. Tun 1998 dandalin AJOL ke tattara mujallun Afirka a intanet, Nijeriya ce ke da mafi yawa a ciki, har da na Jami'ar Bayero. Ƙasar Brazil ta bi wannan hanya da SciELO, da kuɗin hukuma. Sai dai ba za ta yiwu a nan ba muddin kwamitocin ƙarin girma suna raina abin da aka buga a Kano ko Zariya.