Mai RAV4, ka san shekarun bel ɗinka?

Masu karatu, RAV4 ta farko, wadda Toyota ta fitar a 1994, mota ce mai jimiri, mun shaida. Sai dai bel na roba ne ke daidaita tafiyar injinta na esansi. Sarƙa ba ta zo ba sai a samfurin 2000. Roba kuwa tana tsufa ko motar tana ajiye, balle a zafinmu na bazara. Ran da ya tsinke, inji ya mutu nan take, ko da tsakanin Tawa da Agadas ne.

Wanda ya sayi ta hannu, kada lissafin kilomita ya ruɗe shi. Ya sa makaniki ya canja bel, ya haɗa da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya shi, kuma kwance injin sau ɗaya ne.