Kifin da ke cikin robar ɗanki, daga ina ya fito?



Da zarar ruwan damina ya fara janyewa daga fadamun Jahun, Miga da Auyo, sai ki ga yara suna shigowa gida da 'ya'yan karfasa da ƙananan tarwaɗa a cikin robar lemo. A Dutse ko Kano kuwa, akwatin gilashi ake girkewa a falo, a zuba kifaye masu launi. Duk sha'awa ce, kuma ba laifi ba ce. Amma kafin ki ce "kai, gwanin kyau", ki tambaya daga ina kifin ya fito, kuma ta yaya aka kamo shi.

Kifin ado babbar kasuwa ce a duniya. Yawancin na ruwan daɗi, irin jan nan mai ruwan zinariya, kiwonsu ake yi. Na teku kuwa, galibinsu kamo su ake yi. A Filifin da Indunusiya wasu masunta kan fesa guba a ruwa don kifin ya sume su kwashe shi da rai, da yawa kuma ba sa kaiwa hannun mai saye. Nijeriya ma tana fitar da kifin kogunanta ta Legas, har da dangin kurungu da minjirya da muka sani a komar masunta, su ƙare a falon Turai da Amurka.

Ba kowane kamu ne ɓarna ba. A garin Barcelos na ƙasar Barazil, iyalai suna cin abinci da kama wasu ƙananan kifaye da ke yawaita lokacin ambaliya, kuma sana'ar ce ke sa su kare kogin da dajinsu. Abin dubawa shi ne yawan da ake kamawa, da lokacin, da abin da ake kamun da shi.

Mu a nan ruwanmu ya riga ya gaji. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda Kogin Haɗeja ke malala a fadamu, inda kifi ke hayayyafa, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Ɗan kifin da ya mutu a roba bayan kwana biyu, shi ne da zai girma ya shiga kasuwar kifi ta Haɗeja, ko tukunyarki.

Abu biyu sun fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Na farko, gidan sauro. Yara kan ɗauke shi su je tatar kifi. Ramukansa ƙanana ne, yana kwashe har jariran kifi, maganin da ke jikinsa guba ne ga kifin, sannan da dare yaron ya kwana ba kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Na biyu, tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke ruwa mara gudu, ta huda fatar wanda ya shiga. Idan kin ga jini a ƙarshen fitsarin yaro, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Ciwo ne, kuma idan ya daɗe yana lalata mafitsara. Ki kai shi asibiti, akwai ƙwayar praziquantel da ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin yaro.

To me za ki yi? Idan yaro ya nace sai ya yi kiwo, ki saya masa 'ya'yan tarwaɗa kaɗan wurin masu kiwon kifi, a saka a babban baho mai murfin raga, nesa da masu rarrafe, a riƙa sauya ruwa ana ba su abinci. Idan na gilashi za ki saya, ki tambayi mai shago: na kiwo ne ko kamowa aka yi? Wanda ya tsare dabba, haƙƙin cinta da shanta yana wuyansa, wannan darasi ne da yaro zai girma da shi.

Yaranku suna kawo kifi gida? Ku faɗa mana yadda kuke yi da su a ƙasa. Sai mako mai zuwa, Allah ya raya mana zuri'a.