Garin takalma a Faransa da abin da kwamfuta ba ta iya ajiyewa

Mu masu harkar manhaja muna da wata ɗabi'a: da zarar an ce wani abu zai ɓace, sai mu ce a ɗauki hotonsa, a yi sikanin, a ɗora a intanet, shi ke nan an tsirar da shi. Labarin garin Romans-sur-Isère da ke kudu maso gabashin Faransa, kusa da Valence, ya nuna wannan tunanin yana da gyara.

Garin ya daɗe da jima, har yanzu majemar Roux da aka kafa a 1803 tana aiki, kuma kamfanin LVMH ya saye ta a 2012. Daga jima aka shiga ɗinkin takalma. Masana'antar Joseph Fenestrier ta buɗe a 1895, Charles Jourdan ya kafa tasa a 1921, daga baya Stéphane Kélian da Robert Clergerie suka shigo. Takalman mata masu tsada na garin sun zaga duniya, dubban mutane na cin abinci a harkar. Sai gasa daga Italiya da Sifaniya da ƙasashen Asiya ta taso. Kélian ya durƙushe a 2005, Jourdan ya bi shi a 2007.

Yau akwai gidan tarihin takalma a garin, cikin wani tsohon gidan mata masu ibada, ɗauke da dubban takalma na zamuna daban-daban. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma takalmi a cikin gilashi kamar manhaja ce da aka bar maka ba tare da kod ɗinta ba. Kana ganin ta, ba ka iya sake gina ta. Wanda ya taɓa gadon aikin da mai shi ya tafi bai rubuta bayani ba, ya san wannan ciwon kan.

Ilimin da ke ɓacewa yana hannun ma'aikaci. Mai yanka fata yana shafa ta ya gane inda take miƙewa da inda tabo yake, don kada a yanko gaban takalmi daga ɓangaren ciki mai laushi. Mai ɗora fata a kan icen da ke fitar da siffar ƙafa ya san yawan jan da fatar za ta ɗauka kafin ta yage. Ana iya sikanin icen, a zana samfurin a kwamfuta, na'ura ta yanka. Sanin yaushe za a ce wa na'urar "a'a" shi ne ba ya shiga fayil.

Shi ya sa na fi ganin darajar abin da ƙungiyar Archer ta yi. A 2010 ta fara ɗinka takalma da sunan Made in Romans tare da tsofaffin ma'aikatan harkar, a 2019 kuma ta buɗe Cité de la Chaussure, inda ƙananan masu sana'a ke aiki a rufi ɗaya, baƙi na kallon yadda ake yi, su saya a nan take. Kamfanin 1083 shi ma a garin ya tashi a 2013, da kuɗin da jama'a suka tara ta intanet suna odar wando da takalmi tun kafin a ɗinka. A nan fasaha ta yi aikin da ya dace da ita: ta kawo masu saye, ta bar ɗinki ga masu ɗinki.

Za a ce waɗannan ƙananan wurare ba za su maido da dubban ayyukan da aka rasa ba. Gaskiya ne, kuma takalmin da aka ɗinka a Faransa zai ci gaba da tsada. Sai dai muddin akwai matashi a gefen tsohon ma'aikaci yana koyo, ana iya faɗaɗa aikin gobe. In tsoffin suka ƙare, ko an sayi injin sabo fil, babu mai kunna shi yadda ya kamata.

Abin ya shafe mu ta wata fuska. Fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa a Kano tana cikin waɗanda ake fitarwa Turai ana kayan alatu da su, dukawanmu kuwa suna tsufa. Masu shirin buɗe musu shafi ko manhajar sayarwa, su fara tambayar yara nawa ke zaune a rumfar suna koyo.