CarParts.com: Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

A yau ina so in ja hankalinmu ne zuwa ga wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna CarParts.com, wanda ke sayar da kayan gyaran mota ta intanet, kama daga fitila da madubi da bamba har zuwa kayan birki. Dalilina kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan matasanmu da dama sun shiga sayen hannun jarin kamfanonin waje ta wayar salula, kuma na lura yawan cinikin da kamfani ke yi shi ya fi ɗaukar hankalinsu, ba lafiyar aljihunsa ba.

An kafa wannan kamfani ne a 1995 a Jihar Kalifoniya, ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2007, sannan ya koma amsa sunan CarParts.com a 2020. A shekarar ce annobar korona ta kulle mutane a gida, aka koma sayayya ta intanet, cinikinsa ya tashi daga kimanin dala miliyan 281 a 2019 zuwa miliyan 444. A farkon 2021 hannun jarinsa ɗaya ya kai wajen dala 20, ciniki kuma ya ci gaba da hawa har ya kai miliyan 676 a 2023. To amma duk da wannan hada-hada, a shekarar asarar kimanin dala miliyan 8 ya tafka. A 2024 ciniki ya sauko zuwa miliyan 589, asara ta haura miliyan 40, hannun jarin ya dawo wajen dala ɗaya.

A nan ne masana harkar kuɗi ke kawo wani ma'auni da za mu iya kira haƙiƙanin darajar kamfani. Misalinsa kamar mai sayen shago ne da duk abin da ke cikinsa: zai biya mai shi, ya gaji bashin da ake bin shagon, amma kuɗin da ya tarar a aljihun tebur sun zama ragi a gare shi. Wato a haɗa kuɗin dukkan hannayen jari da bashi, a cire tsabar kuɗin da ke ajiye.

A ƙarshen 2024 dukkan hannayen jarin CarParts.com wajen dala miliyan 60 ne, yana da tsabar kuɗi kimanin miliyan 36, babu bashin banki a kansa. Ke nan, in aka ajiye batun hayar rumbunan ajiya a gefe, darajarsa ba ta kai miliyan 30 ba, alhali cinikinsa ya doshi miliyan 600. Wani zai ce ai wannan araha ce ta faɗo, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a maganarsa ba, tunda rashin bashi ba ƙaramar garkuwa ba ce. Sai dai a nawa ganin, kasuwa ta hango cewa ribar da ke kan kaya tana ƙarewa ne a kuɗin talla da dako da haya, ga gogayya da masu kaya masu araha a Amazon da eBay, ga shi kuma kaso mai tsoka na hajarsa daga Taiwan da Sin ake shigo da shi. Asara irin ta 2024, in ta maimaita kanta, tana iya lashe ajiyar nan ƙurmus. Ba mamaki a 2025 kamfanin ya nemo sabon jari daga waje.

Don haka shawarata ga duk mai niyyar zuba guminsa a irin waɗannan kamfanoni, ya tambayi abu uku: nawa ne bashi, nawa ne ajiya, kuma nawa ke saura bayan an biya kowa. Wanda bai yi haka ba, cinikin biri a sama ya yi. Allah Ya sa mu dace.