Wa Zai Kai Kukan Talaka Gaban Hukumar Shige da Fice?

A cikin watan Mayun 2023 Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa ta sallami ma'aikatanta 8 daga aiki, wasu 80 kuma suna gaban masu bincike, saboda tatsar masu neman fasfo. Mun yaba, domin ba kullum hukuma ke tona asirin nata ba.

Amma 'yan'uwa masu karatu, mu duba yadda irin wannan bincike ke somawa. Sai wani ya kai ƙara, ko wani babba ya gani da idonsa. A watan Oktoban 2021 shugaban hukumar na lokacin, Alhaji Isa Jere Idris, ya yi ɓad da kama, ya shiga ofishin fasfo na Ikoyi a Legas kamar mai neman fasfo, 'yan kamasho da ma'aikata suka yanka masa farashin da ya wuce na gwamnati. Dabara ce mai kyau. Sai dai Ikoyi unguwar masu hannu da shuni ce, inda 'yan jarida ke kai da komo. Wa zai yi ɓad da kama ya shiga motar haya daga Katsina zuwa Jibiya, ya sauka Magama bakin iyaka?

Mu a nan Sheme, da 'yan'uwanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba mu rabuwa da wannan hukuma. Mai shirin ziyarar Urushalima sai da fasfo, haka maƙwabcinmu mai niyyar Makka. Falken shanu yana zuwa kasuwarmu daga Maraɗi, kuma yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza har kwana 90, muddin takardunsa na tafiya sun cika. Galibin mutanenmu ba su san haka ba. Wanda bai san haƙƙinsa ba in an ce ya ba da na goro sai ya miƙa, har ya yi godiya. In ma ya gane an cuce shi, kuɗin motar zuwa kai ƙara ya fi abin da aka karɓe masa, ga tsoron hanya. Ƙarar da ba ta kai ofis ba kuwa ba ta da fayil.

Akwai kuma batun saurin hukunci. A 2020 wasu 'yan mata ma'aikatan hukumar suka fito a bidiyo da kakinsu. Cikin 'yan kwanaki aka ba su takardar tuhuma, daga baya aka sauya musu wurin aiki. To, ran 15 ga Maris 2014 mutane fiye da goma suka mutu a turereniyar jarrabawar ɗaukar aiki ta wannan hukuma, bayan an karɓi naira 1,000 daga kowane mai nema. Sai a 2016 aka gurfanar da ministan cikin gida na lokacin, Abba Moro, kotu kuma ta wanke shi a 2022. Ba mu ja da hukuncin kotu. Shekara takwas dai ta yi wa iyayen mamatan yawa.

Abin da muke roƙo ba shi da tsada. A kafa allo da Hausa a kowane ofishin fasfo da kowane shingen hukumar, mai ɗauke da kuɗin da doka ta yanka da lambar wayar kai ƙara. A riƙa turo masu bincike cikin farin kaya zuwa hanyoyin karkara. Wanda aka kama kuma, kafin a tuɓe masa kaki, ya mayar da kuɗin ga mai shi. Zakka mai karɓar haraji ma da mayarwa ya nuna tubansa. Dattawan ikilisiya su ma suna da abin yi: wanda aka cuta bai iya rubutu ba, a samo masa mai rubuta ƙara, a sa rana da wuri da adadin kuɗin, a ajiye kwafi a hannun magatakarda.