Furanni Kaɗai Ba Su Isa Tukwici Ba

Kowace shekara ran 15 ga Janairu, manyan ƙasa sukan hallara a Abuja da manyan biranen jihohi, har da nan Bauchi, a ajiye furanni, a saki tattabaru, domin tunawa da 'yan mazan jiya. A wannan rana ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa cikin 1970, bayan wata 30 ana ɓarin wuta tun daga 6 ga Yuli 1967. Madalla da wannan biki. Amma fa jama'a, yaya za a tuna da mutumin da ba a san sunansa ba?

A gidanmu a Tirwun akwai wanda ya tafi bai komo ba. Baffana ne, ƙanen mahaifina. Ya shiga soja yana saurayi, aka sa shi cikin Runduna ta 2, wadda ta yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha cikin Oktoba 1967. Sojoji masu yawa suka halaka a ruwan nan, shi ma tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu gawa, babu kabari. Kakarmu ta rasu tana sauraron sallamarsa a bakin zaure.

Irin wannan gida ba ɗaya ba ne a ƙasar Bauchi. Kafin su ma, iyayensu sun yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Yau waɗannan sun kusa ƙarewa, wanda kuwa ya tafi yaƙin basasa yana ɗan shekara 20 ya doshi 80. In suka kau, sunayen abokansu sun bi su ke nan.

Saboda haka muna kira ga masu unguwanni da limamai da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, su bi gida gida su rubuta sunan duk wanda ya tafi, da rundunarsa, da inda ya faɗi. Waɗanda ke raye kuwa a ba su fanshonsu kan kari, a duba lafiyarsu, a riƙe marayun waɗanda ke kwantawa a fagen daga har gobe. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Wanda ya ba da ransa ya fi ƙarfin furen da zai bushe kafin la'asar.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan yaƙi, amin.