Super Falcons: Kofuna Goma da Fagen da Ya Rage

A ranar 26 ga Yuli, 2025, a birnin Rabat, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Najeriya, wadda ake yi wa laƙabi da Super Falcons, ta tafi hutun rabin lokaci Maroko na cin ta 2 da nema, amma ta dawo ta farke, aka tashi tana da ci 3 da 2, ta ɗauki kofin nahiyar Afirka karo na goma. Tun 1998 da gasar ta samu tsarin da take kai a yau, ƙasashe biyu kacal suka taɓa ƙwace kofin daga hannun Najeriya, wato Ikwatoriyal Gini a 2008 da 2012, da Afirka ta Kudu a 2022.

A gasar cin kofin duniya kuwa, ƙungiyar ba ta taɓa fashi ba tun da aka fara a 1991, sai dai mafi nisan da ta kai shi ne zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, a Amurka a 1999, inda Brazil ta fitar da ita da ci 4 da 3 a ƙarin lokaci. A 2023 ta doke Ostireliya mai masaukin baƙi, ta kuma riƙe Ingila babu ci har sai da aka kai ga bugun fenariti, wanda shi ne raba gardamar da ake yi idan lokaci ya ƙare ana kunnen doki.

Dalilin wannan tsaiko a gida yake. 'Yan wasan da suka ci kofin Afirka a 2016 sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja saboda alawus ɗin da aka riƙe musu. Haka nan rijiyar da ake ɗibar 'yan wasa daga cikinta ƙarama ce, domin manyan kulob-kulob irin su Rivers Angels da Bayelsa Queens a kudu suke, yayin da Arewa ke da ƙalilan kamar Nasarawa Amazons da Adamawa Queens.

Tarihin Wusasa, da ke gefen Zariya, yana da darasi a nan. Bayan da mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa a birnin Zariya ya koma can wajen 1929, ƙaramin garin ya zama wurin da aka sa yara maza da mata makaranta da wuri, kuma daga nan ne aka samu likitoci da malamai da shugaban ƙasa, Janar Yakubu Gowon. Abin da aji ya yi wa karatu, filin makaranta zai iya yi wa wasa, muddin aka samar da malamai mata masu horarwa da lokacin da aka keɓe wa ɗalibai mata, aikin da sashen koyar da wasanni na Jami'ar Ahmadu Bello ke da masu iya shi.

Damuwar iyaye game da sutura tana da tushe, amma an riga an samar mata da amsa, tunda dokokin wasan sun amince da rufe kai tun 2014, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta. Kyautar dala dubu ɗari-ɗari da gwamnati ta sanar wa zakarun Rabat ta dace, sai dai 'yan wasan da za su haye matakin 1999 suna firamare a yanzu, kuma da yawansu a Zariya da Kano ba su taɓa samun filin da za su gwada ƙafarsu ba.